Ilu, Karnukanka Suna Hanya

Zuwa ga ƙanena Iliyasu, wanda muke kira Ilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake tare da su. Mu nan Sheshe lafiya lau, sai zafin bazara da zaman ɗar-ɗar da ka tafi ka bar mu a ciki.

Na san ba ka da hanyar karanta wannan, tunda an yanke layin waya a wajenku. Na sa shi a nan intanet inda kowa zai gani ne saboda direbobi da fatake suna leƙowa, ko Allah zai sa wani ya ci karo da kai ya karanta maka. Ba zan ambaci sunan garin da kake ba. Wanda ya san ka ya san inda kake, wanda bai sani ba kuwa ba na so ya sani.

Saƙonka ya iso. Ɗaya daga cikin mafarautan da kuka tafi gadin ƙauyukan gabas tare ya dawo jinyar ƙafa, ya yi sallama a zaure, ya ce ka ce a aiko maka da karnukanka, Duna da Ƙyale-su, domin kare yana jin motsin mugu tun kafin mutum ya ji. Na tambaye shi ko ka ba da wani saƙo gare ni. Ya ce a'a, karnuka kawai. To na gode. Ni da na goya ka bayan rasuwar Inna har bayana ya yi kanta, ban samu ko "a gaida Adda" ba.

Sai na tambaye shi yaushe rabonsa da kai. Ya dubi ƙasa ya ce an kwana biyu. Ka san "an kwana biyu" na mutanenmu, yana iya zama mako, yana iya zama watanni. Bayan ya baro ku kuma rediyo ta ce an shiga yankin nan naku an ƙona gidaje. Ban sani ba ko kana raye, Ilu. Gara in faɗa maka kai tsaye, don shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Duk da haka ka ce a aiko, ni kuma na aika. Yau da safe suka tashi.

Ka san tsakanina da karnukanka. Shekara da shekaru muna faɗa a kan kangon bayan gida da ka mayar musu ɗaki, da kwanona da Duna ya lasa na yi masa wanki bakwai kuma na kasa sake cin abinci a ciki. Karyar nan ma don ka yi mini habaici ni da maƙwabta ka sa mata Ƙyale-su, kada ka zaci ban gane ba. Malamarmu ta Islamiyya ta ce an halatta riƙe karen farauta da na gadi. Na ji, amma jikina bai karanta wannan babin ba. Tun da ka tafi ni nake kai musu ƙanzo da ruwa, ina tura kwanon da sanda. Ban fara son su ba, kada ka ji daɗi.

Malam Tanko na Jakara ne ya ɗauke su, mai a-kori-kurar nan da ke kai gishiri da tabarmi da robobi gabas. Yana cikin 'yan kaɗan da har yanzu suke bin hanyar. Da farko ya ƙi. Ya ce, "Hajiya, kayan mutane ne a motar, in yawun kare ya taɓa tabarmar da za a yi salla a kai, ni wa zan gaya wa?" Sai da na tuna masa shekarun da ya yi yana ɗaukar wa mahaifinmu Baffa maruƙa zuwa kasuwar kara, sannan ya ce to, albarkacin marigayi.

Amma da ya faɗi yadda zai ɗauke su, sai gabana ya faɗi. Wai zai ɗaure su a can ƙarshen bodi, nesa da kaya, a kan ƙarfe tsura, da igiya doguwa don su sami wurin juyawa. Ban ga laifinsa ba. Duk mutumin kirki a cikin birnin nan haka zai yi, ya nisanta kare da jikinsa da kayansa, kuma ya ga ya kyauta masa da ya ba shi igiya mai tsawo.

Kai dai ka san abin da doguwar igiya take yi. Fitarka farauta ta farko da manya, kana saurayi, an ce ka ɗaure karenka Ɗan-ja a bayan mota kada ya gogi rigunan mutane, za su yi salla a hanya. Bayan kun wuce Wudil ya hango wani abu a daji ya yi tsalle. Igiyar ta isa ta fitar da shi daga mota, amma ba ta isa ta kai shi ƙasa ba. Kafin ku buga wa direba ya tsaya, aikin gama ya gama. Ka dawo da shi a kafaɗa, ka zauna a zaure har la'asar, na kawo maka tuwo ka ƙi ko kallonsa. Baffa bai yi maka faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Doguwar igiya a ƙasa take alheri, a kan mota ajali ce."

Shi ya sa na ce wa Malam Tanko ya bar mini ɗaurin, ni zan yi da hannuna.

Mota ba ta shiga lungunmu, ka sani, don haka ni na ja su zuwa bakin titi. Da hantsi ne, lungu cike da mutane. Ka ƙiyasta Addarka cikin hijabi har ƙasa, igiya a kowane hannu, Duna yana jana gaba, Ƙyale-su tana tsayawa shinshinar kowace kwata. Dattawan ƙofar masallaci suka tattare rigunansu suka manne da bango. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Hansatu, lafiya? Ko kin shiga farautar ne ke ma?" Na ja igiyoyina na wuce.

Ga yadda na yi, don in ka gan su ka san abin da za ka duba, kuma ka yi haka in za ka sake ɗora su a wata motar.

Na yi musu dangwali irin wanda Baffa yake ɗaure maruƙa da shi a ruga. Na miƙe igiya mai ƙarfi daga gefen bodi zuwa ɗaya gefen, dab da bayan kan mota inda girgiza ba ta da yawa, na ja ta ta yi tauri. A tsakiyarta na yi ƙulli biyu, kowane da guntuwar igiya. Za su iya tsayawa, za su iya kwanciya, amma ba wanda hancinsa zai kai bakin mota. Malam Tanko ya matsar da tabarminsa baya yana gunaguni, ya jera buhunan gishiri a tsakani, na sa ya ɗaure su tamau kada ya taka birki su zubo musu.

Ban ɗaure su a wuya ba. Maraƙi yana tsaye ne a ƙasa, ƙasa kuwa ba ta faɗawa rami da gudu. Na ɗauko majanyina guda biyu na zagaya musu ta ƙirji da bayan ƙafafun gaba, na ƙulle a gadon baya, na sa igiyar a nan. Ba wanda na goya ka da shi ba ne, kada kanka ya kumbura, wancan ya daɗe da yagewa. Amma majanyina ne, na kirki, kuma sai da na durƙusa na rungumi ƙirjin Duna kafin ɗaurin ya zauna. Ya lashe ni a kunci. Na yi ta maza na ƙarasa ƙullin.

Ƙarfen bodin kuwa, da na dafa shi da tafin hannu, tun da hantsin ya fara cizo. Ina ga in rana ta take? Na shimfiɗa tsohuwar tabarmar kaba, na ɗora buhunan algarara a kai, na jiƙa su sharkaf. Daga sama muka ɗaura tamfol ya yi musu inuwa, amma na hana a sauke gefe da gefe. Malam Tanko ya so ya lulluɓe su ruf don kada a gan su a hanya. Na ce in ya yi haka, gawa zai sauke.

Ban ba su abinci da safen ba, tun jiya da yamma na ƙosar da su, don na tuna yadda kake cewa kare mai cikakken ciki amai yake yi a mota. Na sa musu jarkar ruwa da kwanonsu na kansu, na ɗaure kwanon da igiya a jikin bodi. Ka san babu mai shayi ko mai abincin da zai ara wa kare kwano a hanyar nan, ko da harshensa yana jan ƙasa. Na roƙi Malam Tanko duk inda ya tsaya salla ya zuba musu kaɗan, ya sake jiƙa buhunan, ya nemi gindin bishiya ya ajiye motar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shingayen sojoji. Yanzu daga nan zuwa wajenku ba a ƙirga su. Mota takan tsaya a layi cikin rana ba iska, mutane su sauka su wuce da ƙafa hannuwa a sama. A nan zafi yake kashe dabba, ba a cikin gudu ba. Ga kuma Duna da ba ya ganin baƙo da abu a hannu ya yi shiru. Yaran nan masu bindiga su ma a tsorace suke, ba su yi barci ba, an kashe musu abokai. In ya ɗaga tamfol kare ya yi masa haushi a fuska, ban san abin da yatsansa zai yi ba, kuma harsashi ba ya tambayar wane ne kare wane ne direba.

Malam Tanko ya ce to a ɗaure musu baki da roba tun daga nan. Na ƙi, domin kare da harshe yake fitar da zafi, in ka rufe masa baki a wannan ranar ka dafa shi. Na yaga tsohon ɗankwali gida biyu na ba shi. Na ce in ya hango shinge ya tsaya daga nesa, ya ɗaura musu sako-sako, yana isa kuma tun kafin a tambaye shi ya ce akwai karnukan farauta a baya, a ɗaure suke. Yana wucewa ya kwance. Ya dube ni ya ce, "Wato ni zan riƙa kama bakin kare da hannuna." Na ce ni ma yau na kama, ga ruwa ga sabulu, ba a mutuwa.

Duk abin da ya tambaya ina da amsarsa. Har na fara jin kaina, ina cewa ashe duk surutun karnukan da ka cika mini kunne da shi bai zube a ƙasa ba. Ya shiga mota ya tayar. Sai ya sake kashewa, ya leƙo ta taga, ya yi ƙasa da murya don kada mutanen da suka taru su ji.

Ya ce, "Hajiya, in na je ban same shi ba fa? Wa zan ba?"

Ilu, na shirya wa rana, na shirya wa rami, na shirya wa soja. Wannan ce kaɗai ban shirya mata ba, ko kuma na san tana nan na ƙi dubanta. Na tsaya riƙe da ƙarfen mota, Ƙyale-su tana kallona ta ƙarƙashin tamfol.

Na ce masa kada ya tambayi kowa. Mutane za su ji nauyinsa, su ce ka shiga daji, su ce ka koma wani gari, shi kuma ya zo ya ji nauyina ya faɗa mini haka, in ci gaba da zama a cikin duhu. Na ce in ya isa bakin garin ya buɗe bayan mota ya kwance su. Shekarunsu nawa suna kwana a kan tsohuwar rigarka. In kana cikin garin nan, ko kana kwance a wani ɗaki ba ka iya tashi, ba za su jira a nuna musu hanya ba, shi dai ya bi su. In kuwa suka sauka suka zagaya suka dawo gindin mota suka kwanta, to kada ya ba kowa su. Ya mayar da su kan dangwalin, ya jiƙa musu buhu, ya dawo mini da su. Ba sai ya ce mini komai ba.

Ya mayar da kansa cikin mota. Ya tayar da mota suka tafi, na tsaya har suka sha kwana. Na dawo gida na yi wanka na sake kaya, na zauna, kuma tun ɗazu duk ƙarar motar da na ji a titi sai in tashi in leƙa zaure, alhali na san ko rabin hanya ba su kai ba.

Ina jin tsoro, autan Inna. Kai kaɗai ka rage mini a cikin gidan nan. In wannan ya riske ka, ka duba tafin ƙafafunsu ko sun ƙone, ka ba su ruwa kaɗan-kaɗan kada su kwankwaɗa lokaci guda, ka bar su su huta kafin ka fita da su. Sannan ka ba Malam Tanko ko kalma ɗaya ce ya kawo mini. Ko ba gaisuwa, na yafe.

Allah ya tsare ka gaba da baya, ya rufe idon mugu daga gare ka da abokan tafiyarka. Allah ya kai Malam Tanko lafiya, ya sanyaya zukatan masu tsaron hanya, ya sassauta wa bayinsa marasa baki zafin rana. Allah ya jiƙan Inna da Baffa, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ya Allah, ka dawo mini da motar nan bayanta wayam.

Wassalam.

Addarka,
Hansatu