Naman da Kaka Ta Ajiye Mini

Daren Talata, Kurfi

Littafina, ka yi haƙuri, don aikin makaranta aka saye ka, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan.

Malamarmu mutuniyar Indiya ba ta cin nama, wai tana tausayin dabbobi. Don ina son ta, na yi mata alkawarin zan gwada barin cin nama a hutun nan.

Yau ina isowa gida Kaka ta ja ni ɗaki, ta buɗe tukunyar da ta rufe tun Sallar Layya. Soyayyen naman rago ne kwance cikin kitse, rabona, ta hana kowa taɓawa. Na ce a ƙoshe nake. Ta ce, "'Yar boko, abincin namu ne ya zama ƙazanta?"

Na ci. Gaskiya ba don ita kaɗai ba, tun a tashar Dutsin-Ma ƙanshin tsire ya hana ni sakat. Ragon ma Kaka ce ta yi kiwonsa, a bakin ɗakinta yake kwana, wa ya fi ta tausayinsa?

Zan gaya wa Malama na kasa. Kaka ta ce akwai saura gobe, ban ce a'a ba.