Ruwan da Ka Zuba Mini

Ya hasken idona, inuwar da nake fakewa da tsakar rana, uban 'ya'yana, sabon shugaban sashen kula da ma'aikata!

"Duk ranar da aka ce ɗayanmu ya bar ofishin nan, ni zan tattara." Ka tuna? Bakinka ne ya faɗa, a gindin matakala, ranar da na ƙi karɓar kujerar shugabancin don kada a ce mata ta hau kan mijinta. Muryarka a ranar ta fi ruwan farkon damina daɗi, ni kuwa na jiƙe kamar busasshiyar ƙasa.

To, ranar ta zo. An ba ka kujerar, doka ta ce miji da mata ba sa zama sashe ɗaya in ɗayansu ne shugaba, sai ga sunana an tura shi reshe mafi nisa, in bar gida, in bar Auta ana gab da jarrabawarta.

Ba canjin wurin ne ya fi ƙona ni ba, zumata. Yadda ka faɗa mini ne. Ka rufe ƙofa a hankali. Ka baro bayan tebur, ka jawo kujera kusa da ni. Ka zuba ruwa a kofi, ka turo mini, ka fara yabon ƙwazona. Wayyo! Wa ya koya maka wannan? Ba ni ba ce, lokacin da ka zo mana ko takardar hutu ba ka iya rubutawa? Ni na ce maka in za ka sallami mutum ka zauna kusa da shi, ka ba shi ruwa, ka fara da yabo. Matarka ka yi wa haka, tauraron asubata? Har da miƙo mini hankici!

Ban yi kuka ba. Ruwan ma ban sha ba.

Ina son ka har yanzu, shi ya sa nake gargaɗinka. Ka karanta dokar har ƙasa: ta ce wanda ya zo daga baya shi ke matsawa. Ni na rubuta layin. Na kuma riga ka shiga ginin nan.

Hukumar gudanarwa za ta zauna ranar Alhamis. Kafin nan ka je da ƙafarka ka janye sunana, ka cika alkawarinka. In ba ka je ba, ni zan shiga, in ɗaukaka ƙara, in kuma ce kujerar da na ƙi a da yanzu ina so. Sannan in kira ka ofishina, farin watana. Zan rufe ƙofa a hankali. Zan jawo kujera kusa da kai, in yabi ƙwazonka.

Kada ka ji tsoron kaɗaici a can. Ni zan ninke maka kaya, kullum in kira in ji ko ka ci abinci, ba kuma zan kalli kowa ba har ka dawo.

Taka, wadda ba ta taɓa saɓa maka alkawari ba, wannan ma ba za ta saɓa ba.