Tsuntsun da ya tashi makarantar Malam Tuathal

Daga Gleann Rua, ƙarshen hunturu

Zuwa ga Yaya Gormla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah da Maryamu suna tsare da ke, da yaran, da mijinki mai warin kifi. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin dai san iyakar karatuna ɗan abin da Fada, limamin cocinmu, ya ɗura mana ne a bayan coci, ni da ke, kafin ya gaji da ni.

Bayan haka, Inna lafiyarta lau, sai dai ba ta da zance sai na ɗanta. Ba ni nake nufi ba. Fiachra nake nufi, wanda aka kawo mata reno yana jariri ya shanye mini rabin nono. Wannan ne hunturunsa na bakwai a makarantar mawaƙa ta Malam Tuathal, kuma an ba shi aikin ƙarshe, waƙar yabon mai ƙasa. In ya gama ta Malam ya karɓa kafin a tashi makaranta, shi ke nan, ya zama cikakken mawaƙi. Ya riƙa zama kusa da mai ƙasa wajen cin abinci, ana kora masa shanu.

Ki tambaye ni aikin da yake yi. Kwanciya. Ya shiga ɗakin duhun nan marar taga, ya miƙe a gado, ya ja bargo ya rufe kai, wai yana saƙa baiti, tun safe har a kai wa ɗalibai kyandir su rubuta. Da ni ne na wuni haka, da Inna ta karya mini muciya a gadon baya. Shi kuwa sanɗa ake yi a ƙofar ɗakinsa. In ya gama kuma, wa zai haddace, ya miƙe gaban jama'a ya rera a kan garaya har maƙogwaro ya bushe? Ni. Mawaƙi ai ba ya rera waƙarsa, zama yake yi yana shafa jan gemu. Muryar tawa, numfashin nawa, sunan nasa. Ɗakin duhun kuwa ba za a taɓa barina in leƙa ba, tunda kakana ba mawaƙi ba ne.

Duk wannan na saba da shi. Ga wanda ban saba da shi ba. Sorcha 'yar Malam ita ke kai masa burodin sha'ir da man shanu yanzu. Bara ni take ɓoye wa man. Rannan na tare ta a rijiya na ce, "Ke, ana ta ciyar da mai kwanciya, mai tsayuwa fa?"

Ta ce, "Mai tsayuwa yana da ƙafa, ya je ya nema."

Na ce, "Mutumin nan fa ba komai a kansa sai duhu."

Ta ce, "Naka da ke cike da haske, me ya taɓa fitowa daga ciki?" Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

In ya samu darajar nan zai nemi aurenta, Malam kuma ba zai hana ba. Ina jin abin a haƙarƙarina.

Amma kin tuna ƙa'idar Malam. Ranar da tsuntsun kuku, baƙon bazaran nan mai sa ƙwai a sheƙar wasu, ya fara kuka a kwarin nan, ranar makaranta ta tashi, ko da ana tsakiyar baiti. Kowa ya koma garinsu, ba a sake sauraron waƙar kowa sai kaka. Garin su Fiachra kuwa can arewa yake, da nisa. Kin kuma tuna wanda ya taɓa sa agwagin Fada suka bi shi har cikin coci da kwaikwayon kukansu kawai.

Ni dai ban ce komai ba. Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanenki,
Colla


Daga Ros Beag, bakin teku

Zuwa ga ƙanena Colla,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya shirye ka. Saƙonka ya iso ta hannun mai gishiri. Mijina yana amsawa, ya ce warin kifin nan shi ke ciyar da 'ya'yan yayarka.

Ka ce ba ka ce komai ba. Ni na goya ka, na san irin shirunka. Kada ka yi.

Fiachra ya sha nonon da ka sha, kun kwana a bargo ɗaya, kuma bai taɓa kiranka da wani suna ba sai ɗan'uwa. Abin da kake kira kwanciya ya cinye masa ƙuruciya a cikin sanyi. Ubansa ya tsufa ƙwarai, ba abin da yake jira sai ya ga ɗansa ya gaje shi. In aka ɗaga sai kaka, ba wanda ya san ko tsohon zai kai.

Sannan ka tuna wanda za ka taɓa. Zambon Malam Tuathal ba abin wasa ba ne. Ka ga fuskar mai niƙan nan da ya yi masa rowa, yadda ƙuraje suka feso masa bayan zambon, har yau yara suna binsa da baitin.

Maganar yarinya kuma, ka taɓa buɗe baki ka ce mata kana sonta? Na san amsar. Kwaɗo ka sa mata a bokitin madara, ka koma gefe kana jira ta gane.

Ka gaishe da Inna, ka ce na aiko mata da busasshen kifi. Allah ya kiyaye ka daga kanka.

Yayarka,
Gormla


Daga Gleann Rua

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a gajarce, don raina a ɓace yake. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta da kyau, sannan na je na yi abin da na yi niyya.

Da hantsi na shige duhuwar da ke bayan ɗakunan, na haɗa tafin hannu na busa. Yaya, ko uwar tsuntsun ce ta ji da ta amsa. Ɗalibai suka yi ta fitowa suna ƙyafta ido kamar jemagu, barguna a ka. Malam ya fito ya daɗe yana duban itatuwa, ko toho ba su yi ba. Ya ce, "Bana ya yi sammako." Sai ya ce, "A naɗe shimfiɗa."

Fiachra ya durƙusa ya ce, "Malam, baiti kaɗan suka rage, suna bakina."

Malam ya ce, "Su zauna a nan har kaka. Tsuntsu ya yi magana."

Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya ratsa ni har yatsun ƙafa. Daɗin bai kai na fito daga duhuwar ba.

Na manta da al'adarku ta 'yan mata. Duk budurwar da ta ji kukan farko na tsuntsun nan sai ta ɗaga ƙafar dama ta duba ƙarƙashi, gashin da ta tsinta shi ne launin gashin mijinta. Me ya sa ba ki tuna mini ba? Kin tsaya kina yi mini wa'azin mai niƙa. Sorcha tana tsakar gida da ƙawayenta. Ina kallo ta ɗaga ƙafa, ta sunkuya, ta ɗago wani abu da yatsa biyu, ta ce yadda kowa zai ji, "Ja ne." Suka ɗauki shewa. A duk kwarin nan masu jan gashi biyu ne, Fiachra da saniyar Fada. Nawa kuwa kin san shi, baƙi wuluk kamar hankaka.

Ba a nan ta tsaya ba. Da yake lokacin tafiya bai yi ba, kogi a cike yake, hanyar arewa ba ta biyuwa. Na kusa duk sun tafi, shi kuwa Malam ya ce ya dawo cikin gida ya zauna har ruwa ya janye. Yanzu tare suke cin abinci. Da a duhu take miƙa masa burodi, ko fuskarta ba ya gani. Ni da bakina na fito da shi sarari na zaunar da shi gabanta. Jiya na ga yana riƙe mata zare tana naɗewa. Mutumin da bai iya ɗaura igiyar takalminsa ba.

Ya zo gaishe da Inna, ya kasa cin komai. Ya dafa ni ya ce, "Ɗan'uwa, da ka ji waƙar. Don muryarka na tsara ta, na bar maka wurin numfashi duk inda na san kana so." Har kirkinsa haushi yake ba ni. Ko faɗa ba ya bari a yi da shi.

Ga abin da nake so. Ki tambayar mini tsofaffin matan wajenku, ba tare da kin ambaci suna ba: gashin da aka tsinta da kukan tsuntsun ƙarya, yana ci? In na faɗi cewa ni ne, gashin ya tashi a banza, amma fuskata ta tafi. In na yi shiru, fuskata na nan, ina rera waƙa a bikinsu.

Naki,
Colla


Daga Ros Beag

Colla,

Gaisuwa. Ban tambayi kowace tsohuwa ba, kuma ba zan tambaya ba.

Ka saurara. Muddin tsuntsun gaske bai yi kuka ba, makaranta ba ta tashi ba, ko da ɗakunan sun zama wayam. In ka yi magana yanzu, Malam yana da ikon sauraron waƙar Fiachra. In ka bari na gasken ya riga ka, ko ka yi rantsuwa a kan bagade ba abin da za ta gyara. Tsattsewa sun iso wajenmu, ka kuwa san wanda ke biye da su.

Masu jirgin da suka zo daga arewa sun ce uban Fiachra ya daina fita ƙofar gida.

Na so a ce don ɗan'uwanka za ka yi. Na san don jan gashin nan za ka yi. Ka yi ɗin dai, Allah ya san yadda zai lissafa. Fuskarka kuma da ma ba wani abin a zo a gani ba ce.

Yayarka mai ƙaunarka duk da haka,
Gormla


Daga Gleann Rua, farkon bazara

Zuwa ga Yaya Gormla, wadda ba ta taɓa kuskure ba,

Ina gaishe ki da sauran fuskar da ta rage mini.

Na je. Na tarar da Malam zaune a kan dutsen ƙofar gida yana shan rana, Fiachra a gefensa, Sorcha tana kaɗa nono a zaure. Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, da na tsaya gabansa sai ta gudu. Na haɗa hannu kawai na busa.

Kaɗin nono ya tsaya. Malam ya dube ni. Ya ce, "Sake."

Na sake.

Ya ce, "Na ranar ya fi daɗi. Yau kana tsoro." Sai ya ce, "Tun ina yaro nake jin tsuntsun nan, bai taɓa riga ganye zuwa ba. Na zargi kunnena, na zargi shekaruna, ban zargi ɗan gidan da ya reni ɗalibina ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Fiachra kuwa ƙasa kawai yake kallo, kunnuwansa sun fi gemunsa ja.

Aka mai da shi ɗakin duhu, ya ƙarasa waƙar, Malam ya karɓa. Har na fara murna an manta da ni. Sai Malam ya ce cikakken mawaƙi dole ya iya zambo kamar yadda ya iya yabo, don haka saura aiki ɗaya, kuma ga abin zambon nan a tsaye. Fiachra ya roƙa a canza masa wani. Malam ya ce babu. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mawaƙi ba ya rera waƙarsa, ko ka manta? Ka wanke maƙogwaro."

Haka aka yi, Yaya. A babban ɗakin mai ƙasa, cike da mutane, na rera yabo, aka jinjina. Sannan mai garaya ya canza kiɗa na shiga zagin kaina. A waƙar, Fiachra ya kira ni tsuntsu mai takalmi, mai neman sa ƙwai a sheƙar da ba tasa ba. Shi da aka kawo sheƙarmu. Ya sa kwaɗon bokiti a ciki, ya sa agwagin Fada. A ƙarshen kowane baiti ya bar gurbi, dole in haɗa hannu in yi kukan. Mai ƙasa ya yi dariya har giya ta sarƙe shi. Abin da ya fi ci mini rai, waƙar ta yi kyau. Ban taɓa rera wadda ta zauna mini a baki kamarta ba, har wurin numfashin ya bar mini.

Kullum da safe ina duba fuskata a ruwan bokiti. Ƙurji ɗaya ya fito a hanci, Inna ta ce man shanu ne.

An aika wa uban Fiachra, an ce ya tashi zaune da ya ji. To, madalla. Kogi ya janye, ɗan naku zai kama hanya da shanunsa. Abin da ban sani ba, shi kaɗai zai tafi ko da rakiya. Sorcha ta fi kowa dariya ranar, kuma a kusa da shi ta zauna. Tun daga nan ko kallona ba ta yi ba. Na ba da fuskata, na ba shi daraja, kuma ba wanda ya ce mini gashin ya tashi.

Ki yi mini addu'a, ko ki yi dariya, duk wanda ya zo miki.

Colla


Colla,

Gaisuwa. Baba ya koya mini rubutu don in taya shi kwafe littafi, ba don wannan ba, saboda haka ka karanta ka ba wuta.

Ranar nan ba abin da ke ƙarƙashin ƙafata sai kashin kaza. Dugaduganka na hango a cikin duhuwa, shi ya sa na ce ja ne. Na so in ga iya kwanakin da za ka ɗauka kafin ka buɗe baki.

Fiachra ya tafi ɗazu, shi da shanunsa. Ya ce in gaishe da ɗan'uwansa.

Na gasken ya yi kuka yau da safe. Ƙawayena duk sun ɗaga ƙafa. Ni ban duba ba.

Ranar Litinin za mu hau dutse da shanu, a can za mu yi bazara. Ka san hanya. In za ka zo, ka bar kwaɗo a gida, ka zo da muryarka ta mutum.

Sorcha