Takwaran Baba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama. Yaya ƙafar? Na ji Yaya ta sauka, mace kuma. Jika ta bakwai ke nan, duk mata, na san ka koma mitar nan taka ta cewa za ka bar duniya ba takwara.

To, kwantar da hankalinka. Ka san aikina a nan cibiyar nazarin taurari, kullum da safe ina kwatanta hotunan da madubin hangen nesa ya ɗauko. Ranar Talata na ga wani ɗigo da babu shi a taswira. Na ɗauka ƙuda ne ya ɓata mini gilashin kwamfuta, har na sa bakin mayafi na goge. Ɗigo yana nan daram. A hoto na gaba kuma ya matsa. Ashe dutse ne, mai faɗin kilomita uku, yana zagaya rana tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari.

Wanda ya gano irinsa shi yake raɗa masa suna, amma sai an tabbatar da hanyarsa, abin da kan ɗauki shekaru. Na riga na zaɓa. Don Allah kada ka faɗa wa kowa tukuna.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin ƙafar ya yi sauƙi. Haba Baba! Mama ta ce duk abokanka na benci sun ji, har mai aski yana kiran ka uban tauraro. Wallahi tun da na karanta abinci ya daina yi mini daɗi.

Ga inda matsalar take. Dutsen ya shige bayan rana, wata goma ba mu gan shi ba. Mako uku kacal na samu ina bin sa, da su na lissafa inda zai ɓullo. Idan na kuskure ya ɓace mana, wani ma zai iya tsintar sa nan gaba. Shugabanmu ya duba lissafin, ya sosa sanƙonsa, ya ce, "Madalla, saura dutsen ya yarda." Ina tsoron in sa a yi maka dariya a benci, abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri, a gaida Mama da rundunar jikoki. Ga takarda na haɗo maka, ka sa tabarau.

Ka tuna shekara huɗu da suka wuce na buga maka waya ina ihu, dutse ya ɓullo inda na ce, ka amsa da cewa ai ɗan gida ne. Tun daga nan sau uku yana shigewa bayan rana yana dawowa, bai taɓa saɓawa ba. Jiya kwamitin raɗa suna ya amince. Sunansa Kanlokaci, laƙabin da fasinjoji suka sa maka saboda da bas ɗinka suke saita agogo. Yana gama zagaye ɗaya a shekara huɗu da wata biyar. Ba ya kuka, ba ya neman alewa, sai dai ba za ka iya goya shi ba.

Ranar da ka ajiye aiki ka ce shekara talatin kana zagaya hanya ɗaya, ba ka kai ko'ina ba. Maganar ta daɗe tana ci mini rai. A kujerar bayanka nake zama kullum ka sauke ni a ƙofar makaranta, ban taɓa makara ba. Nan ka kai, Baba.

Yanzu ka tafi benci ka faɗa wa kowa.

'Yarka,
Auta