Fitilar da Kawu Fermín Ya Kashe

Fresno

Zuwa ga Yayana Eusebio,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya ranar da jirginku ya dawo gaɓa. Ubangiji ya tsare ka daga sanyin Alaska da haukan teku, ya sa kamun kifin bana ya yi albarka. Mama lafiyarta ƙalau sai ciwon gwiwar nan, kuma ba ta fasa kunna maka kyandir a coci ba.

Maganar motarka ce ta sa na ɗauki biro, kuma ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci. Ka san na gama karatun jinya. To, na samu aikin bin marasa lafiya gida-gida a ƙauyukan gonaki, da sharaɗin in zo ranar Litinin ta makon sama da mota mai cikakkun takardu, in ba haka ba a ba wani gurbin. Takardun motar da ka bar mini sun ƙare, ba a kuma sabuntawa sai ta ci gwajin hayaƙi. Ga fitilar nan mai hoton inji tana kunne tun watan jiya, alhali duk motar da ta je gwaji da ita a kunne ta faɗi.

Niyyata in kai ta wurin makanike, sai Kawu Fermín ya zo shan menudo, miyar tumbin nan, bayan coci ya ji zancen. Ya yi dariya har da buga tebur, wai karatu ya mayar da ni matsoraciya, wai tun ina cikin tsumma yake kashe wannan fitila: a cire kan batir, a sha kofi, a mayar, shi ke nan. Na ce abin da na karanta shi ne hakan yana goge abin da motar ta riƙe ne, ba ya gyara ciwon. Ya ce to Likita, wato ni, ta matsa, shi ma yau zai duba nasa majinyacin. Mama ta harare ni, na ƙyale shi. Gaskiya hannunsa bai yi kuskure ba: ya zare makulli, ya fara cire baƙar waya sannan ja, wajen mayarwa ya fara da ja. Fitila kuwa ta mutu. Amma agogo ya rikice, tashoshinka na rediyo sun goge gaba ɗaya, ka yi haƙuri, gilashin direba ya daina hawa da kansa sai da na ja maɓallin sama na riƙe shi bayan ya rufe. Injin ma ya yini yana rawa a tsaye kafin ya daidaita.

A wurin gwaji, matar da ke aikin ta jona na'urarta a ƙarƙashin sitiyari, ta dubi allo, ta dube ni, ta tambaya wai aikin baba ne ko na kawu, don ba makon da ba ta ganin irinmu. Ta ce ƙwaƙwalwar motar ta manta duk binciken da take yi wa kanta, kuma ba za a ba ta shaida ba sai ta sake yin sa a kan hanya: a tayar da ita injin na sanyi, a hau babban titi a riƙe gudu ɗaya, mil hamsin da biyar a awa, a saki totur ba tare da taka birki ba, sannan a zaga cikin gari. Na karɓi makullin na fito.

Haka muka yi kwanaki muna hawa da sauka tsakanin nan da garin Selma, Kawu a gefena, tireloli suna danna mana hon suna wucewa, shi kuma yana ce musu su bi ta sama in suna da fukafukai. Idona rabi a titi, rabi a inda fitilar take. Muna dab da juyowa ran Juma'a fitilar ta sake kawowa. Kai tsaye muka wuce gareji. Makanike ya ce na'urar da ke auna iskar hayaƙi a jikin salansa ce ta mutu, sabuwa ba za ta iso ba sai Talata, bayan an sa kuma sai an sake wannan yawon daga farko. Na kira ofishin da suka ɗauke ni aiki, suka ce doka doka ce. Na zauna a cikin motar na yi kuka sosai.

Washegari da hantsi muka ji ƙugin inji a ƙofar gida. Kawu ne da a-kori-kurarsa, wadda ko ɗansa na cikinsa bai taɓa tuƙawa ba. Ya kira kamfanin inshora ya sa sunana, ya wanke ta, ya kwashe tsani da bokitan fenti daga baya. Ya miƙo mini makulli fuskarsa a gefe, wai in na kuskura na taɓa mata batir ba ni ba shi har abada. Da ita na fara aiki, sai da na sa matashin kai a baya kafin ƙafata ta kai birki. Taka motar an gyara ta, ba a dai sake gwajin ba tukuna. Kullum da safe Kawu ne a cikinta yana yi mata wannan yawon a kan babban titi, gwiwoyinsa na gogar sitiyari, yana shan zagin direbobi shi kaɗai.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe kunnuwanka saboda sanyi. Inna Otilia da Nemesio ma suna gaisuwa. Ka gaishe mini da abokin aikinka Leocadio.

Taka ƙanwa,
Itzel