Falukar da ba ka shiga ba

Darrasa, Alƙahira, 1984

Assalamu alaikum, Habibu.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahama. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma shekara huɗu muna ɗaki ɗaya ina ba ka labarin duk abin da na gani a gari, bakin bai saba da shiru ba tukuna.

Ɗakinmu yana nan. An sa wani ɗan Maraɗi a gadonka, mutumin kirki ne, sai dai minshari. Littattafanka na haɗa su a kwali na ba Baba. E, mahaifinka ya zo. Ya biyo ta nan a hanyarsa ta Umra, wata bakwai bayan ciwon cikin da ya ɗauke ka. Na kai shi kabarinka, ya yi addu'a, bai yi kuka ba. Muna fitowa ya ce in kai shi kogin Nilu, ya ga jirgin da kake shiga duk Alhamis.

Kai Habibu, wane jirgi? Ni da kai mun san ko ƙafarka ba ta taɓa taka faluka ba. Mu muke shiga, kai kana bakin gaɓa riƙe da jakunkunanmu kamar mai gadin takalma a masallaci. Ashe idan mun dawo na zauna ina ba ka labari, kwashewa kake yi ka rubuta wa ƙanenka Bala, ka ce kai ne a ciki. Ka manta cewa wasiƙa a gidanku a Yawuri ba ta mutum ɗaya ba ce? A tsakar gida ake buɗe ta, a karanta da ƙarfi, kowa ya ji.

Na ce a raina, ba ni zan kunyata mamaci ba. Bayan La'asar na ɗaukar mana shatar faluka guda, mu biyu sai mai jirgin, wani dattijo da ke cewa yalla, wato a yi sauri, ko da ba wanda ya tsaya. Ya saki filafili, iska ta ja mu ta gefen Zamalek, muna wuce gidajen jakadu da itatuwansu. Baba ya tambaye ni inda kake zama, na nuna masa can gaba. Ya tambaya ko ka kan taɓa ruwan da hannu, na ce sosai ma. Har na ƙara gishiri, na ce kai kake riƙe wa mai jirgi igiya. Ina jin kaina gwani, ina rufa wa aboki asiri.

Sai da muka kai tsakiyar ruwa ya gaya mini abin da ya kawo shi. Yayanka Kabiru a kogin Kwara ya nutse, kana ɗan shekara tara. Ranar da za ka taho Masar, Inna ta sa ka ɗauki alkawari ba za ka shiga jirgin ruwa ba muddin tana raye. Da aka karanta wasiƙunka ta tashi ta shiga ɗaki. Da labarin rasuwarka ya iso, kowa ya ce ya yafe maka, ita ba ta furta ba. Baba ya zo ne da fatan zai ji cewa zuƙi-ta-malle ne irin na samari, ya koma mata da shi. Ni kuma yanzu na gama tabbatar masa har da igiya.

Me ya sa ba ka gaya mini ba? Shekara huɗu ina kiranka Bayawuri mai tsoron kwalbati, kana dariya. Wannan ya dame ni, kuma har gobe yana damuna.

Nan take na warware maganata. Na rantse masa cewa ƙarya na yi. Mutum ya ji magana biyu daga baki ɗaya cikin rabin sa'a, wacce zai ɗauka? Na ga alama ya ɗauka ta biyun ce ta lallashi. Muka juya, mai jirgi yana ta ma'alish, yana ba mu haƙuri bai san me ya faru ba.

Da muka koma ɗaki na zazzage akwatina na samo hoton nan da abokinmu Sanusi ya ɗauka daga cikin faluka. Mu huɗu muna washe baki a gaba. Can baya, a kan gaɓa, ga wani tsaye da jakunkuna, fuskar ba ta fi ƙwayar gero ba. Amma hular ana gane ta, zanna bukar ɗin da Inna ta saya maka da za ka taho. Baba ya daɗe yana kallo, ya sa a aljihu.

Shekaranjiya wasiƙar Bala ta iso. Ya ce Inna ta kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙe shi har aka kira Magariba. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta kuma ce a gaya wa abokin nan naka ya rage ƙarya, ku biyun duka ba ku iya ta ba.

To, khalas. Abin da na zo gaya maka ke nan. Allah ya haskaka makwancinka.

Naka, wanda ka riƙe wa jaka,
Lawali