Murfin Aduwa da Basillata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Maigida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto maka daga ɗakina a nan Gagarawa, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Na san takardar ba za ta iske ka ba. Amma akwai labarin motarka, kuma ba wanda nake son ba shi sai kai.

Ka tuna Alhamis ɗin da murfin tankin akori-kurarka ya ɓace a kasuwar Maigatari, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama? Sauran direbobi in haka ta same su, tsumma suke cusawa su kama hanya. Kai ka ƙi. Ka ce tsumma yana shan mai, ga mutane a bayan mota, wani da sigari a baki, wata da goyo. Ka kifa gwangwanin madara ka ɗaure, ka lallaɓo gida ba fasinja ko ɗaya, ranar da kowa ke cika mota har sama.

Washegari da hantsi ka zauna a tsakar gida da guntun iccen aduwa da gizagon da ka aro wurin masassaƙi. Ka sassaƙa, ka fita ka gwada, ka dawo ka rage. Ban taɓa ganin mai haƙurinka da abu ƙarami ba. Da ya zauna daidai, ka naɗa masa fata. Sai ka ɗauki basillata ta ɗinkin buhu, ka tura ta cikin murhu ƙarƙashin tukunyar miya, ta yi ja, ka huda murfin tun daga sama har ƙasa.

Na yi ta mita, don basillar ta yi baƙi ta lanƙwashe. Kana dariya ka ce, "Hajo, tanki ma numfashi yake yi. In kika toshe masa hanci, ko Gumel ba za mu kai ba." Ka yi mini alkawarin sabuwa daga Maigatari. Kowace Alhamis ka dawo wa yara da rake da alewa, ni kuma ka dafe kai ka ce ka manta.

Bayan kaka ciwo ya kwantar da kai, Allah ya karɓi abinsa.

Da aka zauna rabon gado, 'yan'uwanka suka yarda kada a sayar da motar. Ƙaninka Sale ya riƙa ja, abin da aka samu a ci da marayu. Sai dai ta daɗe a ƙofar gida cikin rana, zafin bazara ya tsaga murfin nan gida biyu. Sale ya sassaƙa wani, har ya fi naka santsi, ya toshe tam, yana cika baki wai ko iska ba za ta shiga ba.

Tun daga ranar motar ta rikice. Ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya, sai ta shiga shaƙewa ta mutu a tsakiyar yashi. Sau ɗaya ma fasinjojin garin Sule Tankarkar da ƙafa suka ƙarasa. Makaniki a Gumel ya wanke kafireta, bai ga komai ba. Mata masu zuwa gaisuwa suka fara cewa ita ma takaba take yi, ba za ta bi kowa ba sai mai ita. Yayanka ya ce in ta sake tsayawa, a nemo mai saye. Maigida, da ita muke cin tuwo. In ta tafi, ban san me zan zuba wa yaran nan a kwano ba.

Ina cikin takaba, ban fita na gan ta ba. Ina tankaɗe ne maganarka ta faɗo mini. Na sa aka kira Sale ya kawo sabon murfin har zaure, aka miƙo mini. Na ɗaga shi ga rana, ba huda. Daga zaure Sale ya ce, "Matarmu, yanzu kuma makanikanci kika koma?" Na ɗauko basillar nan lanƙwasasshiya na sa a wuta. Da ƙaurin aduwa ya tashi, sai na ga kamar kana tsugune gefen murhu, hularka a ƙeya. Da hawaye na ƙarasa hudar.

Alhamis da ta wuce ta je Maigatari ta dawo, ba ta tsaya ko'ina ba. Tun daga bakin gari na ji ham ɗinta. Sale ya shigo da rake, yana sosa kai. Yayanka bai ƙara maganar sayarwa ba.

Ka ga, ko bayan ranka aikin hannunka yana ciyar da mu. Tsohon murfin na ɗaure shi da zare, yana cikin kwallata.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya shi kamar yadda ka sanyaya mana gida. Ya raya abin da ka bari, ya haɗa mu a Aljanna. Basillar da ka yi ta mantawa kuwa, na yafe. Wannan ɗin ta ishe ni.

Taka har kullum,
Hajo